Kora da Sallama: Yaushe Doka Ta Yarda a Raba Ma'aikaci da Aikinsa?



An nemi in yi magana a kan dalilan da doka ta yarda a kori ma'aikaci saboda su. Da na dubi zauren nan sai na ga ya rabu biyu, akwai masu ɗaukar aiki, akwai waɗanda ake ɗauka, kuma kowane ɓangare da abin da ya kawo shi. Wani so yake ya ji yadda zai rabu da yaron da ya ishe shi ba tare da sammaci ya biyo baya ba. Wani kuwa so yake ya san ko takardar da maigadi ya miƙa masa a bakin ƙofar kamfani tana da tushe. Zan tsaya a kan dokar Nijeriya, kuma tun yanzu zan faɗi inda na dosa: samun dalilin kora ba shi da wuya, domin ma'aikaci ɗan Adam ne, in ana neman laifinsa ba za a rasa ba. Abin da ya fi kayar da masu gida a gaban alƙali shi ne hanyar da suka bi. Sau da yawa dalilinsu na gaskiya ne, amma sun yanke hukunci kafin su saurari mutum.

Kafin a tambayi ko korar ta halatta, sai an fara tambayar wane irin aiki mutum yake yi, don ba ma'auni ɗaya ake auna kowa da shi ba.

Mafi yawanku masu aiki ne a kamfani, ko banki, ko makarantar kuɗi, ko asibiti mai zaman kansa, ko shago. Ƙa'idar da aka daɗe ana yi wa irin wannan aiki hukunci da ita gadon Turawan Ingila ce, kuma sunanta ma ya isa ya nuna halinta: alaƙar ubangida da baransa. A ƙarƙashinta mai gida yana da ikon sallamar ma'aikaci ko dalilinsa mai kyau ne, ko maras kyau, ko ma bai faɗi dalili ba sam, muddin ya ba da notis ɗin da aka yi yarjejeniya a kansa. Kotu ba ta ɗora wa mutum yaron da ya ce ba ya so. Dokar Ƙwadago, wadda muka gada tun zamanin Gowon, ta tsara mafi ƙarancin notis a sashe na 11. Wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, kwana ɗaya. Wanda ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Wanda ya yi shekara 5 ko fiye, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya kasance a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Ku lura, mutumin da ya ba kamfani shekara 25 na ƙuruciyarsa, abin da wannan sashe ya ajiye masa wata ɗaya ne, daidai da wanda ya yi shekara 5. Ban taɓa karanta wurin nan ba sai na ji ɗaci. Wani abu kuma, dokar ta fi kallon lebura da akawu. Manaja da injiniya da likita sun fita daga ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci, su kam abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki da kundin sharuɗɗan kamfani shi ne madogararsu.

Ko a ƙarƙashin wannan tsohuwar ƙa'ida mai sauƙi masu gida suna tuntuɓe. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1993, an bayyana cewa wanda ya zaɓi ya biya kuɗi maimakon ba da notis, dole ya biya a lokacin da yake sallamar. Rubuta "ka zo daga baya ka karɓi haƙƙinka" bai wadatar ba. Sai dai ma'aikacin da ya yi nasara ta wannan ƙofa bai samu wani abin kirki ba, domin diyyarsa ba ta wuce albashin lokacin notis ɗin da aka hana shi ba. Mutum ya yi shekaru yana safa da marwa tsakanin kotu da kotu, ya ƙare da kuɗin da bai kai na motar zuwa ba.

Nau'i na biyu shi ne aikin da doka da kanta ta shimfiɗa sharuɗɗansa: ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar, malamin jami'a, babban ma'aikacin hukumar da aka kafa da doka. Nan lamarin ya sha bamban. A 1985 Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar Farfesa Olaniyan da abokansa a kan Jami'ar Legas. Jami'ar ta zarge su da laifi, amma maimakon ta bi matakan bincike da dokar da ta kafa ta ta tanada, sai ta ba su kuɗin notis ta ce su tafi. Kotu ta ce tunda laifi ake zargi, babu hanya sai wadda doka ta shata, ta mayar da su bakin aikinsu. Na kusa da mu shi ne malamai 49 na Jami'ar Ilorin da aka kora a 2001 a kan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce korar ba ta inganta ba tunda ba a ba su damar kare kansu ba, ta umarci a mayar da su, a kuma biya su albashin duk shekarun da suka yi a waje. Wannan kariya ba kullum muke da ita ba. Dattawan da ke zaune a gaba sun tuna 1975, lokacin da gwamnatin Murtala ta share fiye da ma'aikata 10,000, mutum ya ji sunansa a rediyo cewa an sallame shi nan take. Sun kuma tuna Doka ta 17 ta 1984, wadda ta ba da ikon cire ma'aikacin gwamnati sannan ta hana kotu sauraron ƙorafinsa. A cikin waɗanda aka share akwai ɓarayi, babu musu, amma akwai waɗanda hassadar abokin aiki ce kawai ta ci su, kuma tunda ba a saurari kowa ba, har yau ba a iya tantance wane ne wane.

Abin da ya girgiza tsohuwar ƙa'idar shi ne gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 2011. Sashe na 254C ya mayar da duk wata rigimar aiki hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai, ya kuma ba ta ikon duba zaluncin da ake yi a wurin aiki da kuma yadda duniya ta yarda a tafiyar da harkar ƙwadago. Da wannan iko alƙalanta suka fara leƙa Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce ba a raba mutum da aikinsa sai da ingantaccen dalili. Maƙwabtanmu Nijar sun rattaba hannu a kanta tun 1985, Kamaru a 1988, mu kuwa har yanzu ba mu yi ba. Duk da haka, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond a 2015 kotun ta ce zamanin sallama babu dalili ya wuce. Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce magana ta ƙare. Manyan kotuna ba su gama daidaita bakinsu a kan wannan batu ba, ana samun hukuncin da ya karkata nan, ana samun wanda ya koma wa tsohuwar hanya. Amma kotun da za ka fara tsayawa gabanta ita ce Kotun Ma'aikata, tana da reshe a Kano da Kaduna da wasu biranenmu, kuma ita za ta tambaye ka dalili. Mai hankali sai ya shirya amsa tun kafin ya rubuta takarda.

Dalilan da yarjejeniyar ta amince da su sun taru a wuri uku: halin ma'aikaci, iyawarsa, da kuma bukatar ma'aikatar kanta. Na farkon ya fi kowanne kawo mutane kotu, a kansa zan fi daɗewa.

Laifi iri biyu ne. Akwai ƙanana, irin su makara, barci a bakin aiki, sakaci, gatsali ga abokan ciniki. Ɗaya daga cikinsu sau ɗaya ba ya kai ga kora. Sai an yi gargaɗi, an sake, an rubuta, mutum ya nuna ba shi da niyyar gyarawa. Sannan akwai manya, waɗanda ke rushe amanar da aikin ya tsayu a kanta: sata, zamba, cin hanci, sauya alƙaluma a takarda, shigowa aiki da takardun bogi, faɗa da doke-doke a wurin aiki, direba ya hau mota a buge, tona asirin kamfani ga abokin hamayya, ƙin bin halastaccen umarni da gangan, ɓacewa daga aiki babu izini babu bayani. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ƙara da wasu da mutanenmu ke ɗauka wasa ne, kamar riƙe cikakken aiki biyu ana karɓar albashi a duka, da kuma samun mutum da laifi a kotu in ba ƙaramin laifin hanya ba ne ko makamancinsa. A kan irin waɗannan doka ta yarda a yi kora nan take, babu notis babu kuɗin notis. A nan ne bambancin kora da sallama yake da nauyi. Wanda aka sallama ya tafi da haƙƙoƙinsa da sunansa. Wanda aka kora yakan rasa garatuti, kuma tabon yana bin sa duk inda ya je neman aiki. Saboda wannan nauyi ne kotu take cewa duk wanda ya rubuta laifi a takardar kora, to shi zai tabbatar da shi.

Ga yadda abin yake faruwa a zahiri. An taɓa kawo mini maganar wani mai kula da sito a wata masana'anta. An yi ƙidayar kaya ranar Asabar, aka ga buhunan sukari sun yi ƙasa da abin da ke littafi. Ranar Litinin da safe ya iso da kekensa, ya tarar maigadin da suka saba gaisawa kullum ya tare ƙofa, yana kallon ƙasa, riƙe da ambulan. Layi uku ne a ciki: an kore ka saboda sata, ka miƙa makullai da katin shaida. Ba a kira shi ofis ba, ba a nuna masa littafin ba, ba a tambaye shi wa kuma ke da makulli ba, alhali makullan siton uku ne, ɗaya a hannunsa, ɗaya wurin manaja, ɗaya wurin mai duba aikin dare. Ni ban ce bai ɗauka ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne kamfanin ya rubuta kalmar sata da hannunsa, kuma ba shi da abin da zai nuna wa alƙali in ban da giɓin da ke cikin littafi. Da sun ba shi takardar tuhuma, sun faɗi adadin buhunan da ranar da aka gano, sun ba shi kwana biyu ko uku ya amsa a rubuce, sun zaunar da kwamitin da manajan mai riƙe da makulli ba ya ciki, da ko dai gaskiya ta fito ko kuma korarsu ta tsaya da ƙafarta. Duk abin bai fi aikin mako guda ba.

Sauraron da doka take nema ba wani abu ne mai tsada ba. A gaya wa mutum laifinsa dalla-dalla yadda zai gane abin da zai amsa. "Rashin ɗa'a" kawai ba tuhuma ba ce. A ba shi lokacin da ya dace. In akwai shaidu a kansa, ya san abin da suka faɗa. Kada mai ƙara ya zama shi ne alƙali. Ku kuma ma'aikata, takardar tuhuma ba a amsa ta da fushi, ba a kuma ƙin karɓarta. Na ga waɗanda suka ce "ba zan sa hannu ba" suna ganin jarumta ce, nan kuwa sun ba kamfani hujjar cewa an ba su dama sun yi watsi da ita. Karɓi, rubuta ranar da ka karɓa, ka amsa batu bayan batu, ka ajiye kwafi a gida, ba a durowar ofis ba, don ranar da aka hana ka shiga ba za ka ga durowar ba. Kuma ka yi hattara da mai ce maka "rubuta ka ba da haƙuri kawai, magana ta wuce". A al'adarmu ba da haƙuri ga babba ladabi ne ko da kai ke da gaskiya, amma a fayil ɗin ma'aikata amsa laifi ne, kuma haka za a karanta shi a kotu.

Ana yawan tambayata ko dole sai kotu ta sami mutum da laifin sata kafin a kore shi. A aikin kamfani ba dole ba ne. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Yusuf da bankin Union a 1996: ya isa a sanar da ma'aikaci abin da ake zarginsa da shi, a ba shi damar kare kansa. Wata tambayar ita ce tsohon laifi. In mai gida ya san laifin, ya yi shiru, ya ci gaba da biyan albashi, har ya ƙara wa mutum girma, ba zai dawo bayan shekara uku ya tono shi don sun ɓata a kan wani abu dabam ba. Doka tana ɗauka ya yafe. Dakatarwa kuma ba kora ba ce, mutum yana nan a matsayin ma'aikaci har a gama bincike. A aikin gwamnati akwai matakin da ake tsayar da mutum ana ba shi abin da bai gaza rabin albashi ba, in an wanke shi a cika masa sauran. Abin da ba shi da kyau shi ne a dakatar da mutum a manta da shi shekara da shekaru, ba a kore shi ba balle ya nemi wani aiki, ba a kuma dawo da shi ba.

Dalili na biyu shi ne gazawa, wato mutum ba ɓarawo ba ne, ba maras kunya ba ne, aikin ne dai ya fi ƙarfinsa. Mu a Arewa muna da misalin da ba za mu manta ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ra'ayina a nan ba zai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Malamin da ba zai iya amsa abin da yake koyarwa ba, gazawarsa dalili ce ingantacciya, kuma 'ya'yan talakawan da ke zaune gabansa su ma suna da haƙƙi. Amma gazawa abu ne da ake tabbatarwa a kan mutum ɗaya ɗaya, a nuna masa inda ya kasa, a ba shi horo da wa'adi, in bai gyaru ba a rabu. Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: wa ya ɗauke su aiki tun farko, da wace takarda, kuma shi me ya same shi? Irin wannan ma'auni ne ya kamata a riƙa yi wa bankunan da ke ɗora wa yarinya sabuwar ɗauka nauyin kawo ajiyar miliyoyin da manajan reshe ma ba zai iya kawowa ba, wata uku su ce ta gaza. In ma'aunin da kansa ba mai yiwuwa ba ne, faɗuwa a kansa ba ta nuna gazawar kowa.

Rashin lafiya ma yana shiga nan, amma da sharaɗi. Jinya ta ɗan lokaci ba dalili ba ce. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa in likita ya tabbatar. Ciwon da ya hana aiki gaba ɗaya, bayan likitoci sun duba, shi ne ke iya kawo rabuwa, in kuma a bakin aikin aka samu raunin, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙinsa ta hannun hukumar NSITF. Wanda ke lokacin gwaji kuwa, rabuwa da shi ta fi sauƙi, sai dai mai gidan da ya bar wa'adin gwaji ya wuce da nisa yana ci gaba da mora, kotu kan ɗauka ya tabbatar da shi ko bai rubuta ba.

Na uku shi ne inda ma'aikaci bai yi komai ba, kasuwa ce ta juya. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda ta koma bayan rufe masaƙar KTL a 2002 da ta UNTL a 2007, ko ya zaga Sharaɗa da Bompai a Kano ya ƙirga ƙofofin da aka garƙame, ba ya bukatar a yi masa bayanin rage ma'aikata. Haka aka gani a 2005 da aka haɗe bankuna daga 89 suka koma 25. Doka ta yarda da wannan dalili, domin ba a tilasta wa mutum ya riƙe ma'aikata 500 a aikin da 200 za su yi. Amma sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya gindaya sharuɗɗa: a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya zo daga baya tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sannan mai gida ya yi iyakar ƙoƙarinsa a sasanta kuɗin sallama. Raunin sashen a wannan gaɓa ta ƙarshe yake, don bai yanke adadi ba, ya bar abin ga ciniki, kuma wanda ake shirin raba shi da abincinsa ba shi da ƙarfin ciniki in ba ƙungiya gare shi ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu, da dama sun rasu ba su karɓa ba. A ɗaya gefen, akwai masu fakewa da rage ma'aikata don su kawar da wanda suke jin haushi. Gane su ba wuya: in an ce kujerarka ba a bukatarta, bayan wata ɗaya ka ga ɗan ƙanwar manaja a kanta, to ba kujerar aka soke ba.

Akwai kuma dalilan da ko an yi musu ado doka ba ta karɓa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa, mako 6 kafin ta haihu da mako 6 bayan ta haihu, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu, ko a ba ta notis ɗin da zai ƙare a cikinsa. Masu makarantun kuɗi, da ku nake, domin a wurinku aka fi jin "in kin haihu kya sake nema". Sashe na 9 ya hana korar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago ko yana yi mata hidima. Kundin tsarin mulki ya hana wariya saboda ƙabila, addini, jinsi ko ra'ayin siyasa. Dokar 2014 ta hana korar mutum don yana ɗauke da cutar HIV, ta 2018 kuma ta kare masu bukata ta musamman. A 2013 Kotun Ma'aikata ta sa kamfanin Microsoft na Nijeriya biyan diyya ga wata ma'aikaciya da aka sallama bayan ta ƙi amincewa da neman da shugabanta yake yi mata. Da yake masu gida sun san duk wannan, dabarar da ta yi yawa yanzu ita ce a kira ka ofis, a tura maka farar takarda da biro, a ce "muna ba ka shawara ka ajiye aiki da kanka don kada sunanka ya ɓaci". Kotun tana kallon murabus ɗin dole a matsayin kora, amma kai za ka nuna cewa dole aka yi maka. In ka samu kanka a wannan kujera, ka nemi a ba ka zuwa gobe. In an matsa sai ka rubuta, to ka rubuta cewa bisa umarnin da aka ba ka yau kake ajiye aiki.

Na san akwai wanda ke zaune a baya yana cewa duk wannan maganar masu takarda ce, shi yaron shago ne a Kantin Kwari, ko lebura ne da ake ɗauka kullum a bakin masana'anta, Alhaji ya ce "gobe kada ka zo" shi ke nan. Doka ba ta ce sai da takarda ake zama ma'aikaci ba, yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, kuma sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai gida nauyin ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su cika. Matsalar ita ce hujja. Saƙon banki na shigar albashi, katin shaida, rajistar da ake sa hannu da safe, ko saƙon waya da aka ce ka zo aiki, duk suna iya tsaya maka. Na kuma san yawancin irin wannan rigima ba ta zuwa kotu, a wurin shugabannin kasuwa ko mai unguwa take ƙarewa, kuma sau da yawa sulhunsu ya fi sauri ya fi rahama. Abin da nake roƙon dattawan da ke yin sulhun shi ne su riƙa tambayar Alhaji abin da alƙali zai tambaye shi: me yaron ya yi, ka ji ta bakinsa, ka biya shi kwanakin da ya yi?

Wanda aka riga aka raba da aiki, abu biyu zai riƙe. Kuɗin da ke asusun fanshonsa, kashi 8 cikin 100 da ake cira daga albashinsa da kashi 10 da mai gida ke zubawa, da sunansa suke, ba na kamfani ba ne. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, yana iya cirar har kashi 25 cikin 100. Albashin kwanakin da ya riga ya yi aiki ma haƙƙinsa ne ko da korar ta halatta. Sai kuma lokaci. Akwai tsohuwar dokar da ta ba mai ƙarar jami'in gwamnati wata 3 kacal ya shigar da ƙara, lauyoyi na ta ja-in-ja a kan ko ta shafi rigimar aiki, kuma ba na so a gwada wannan muhawara a kan fayil ɗin ɗayanku. Mutanenmu sukan ɓata watannin farko suna aika manya su roƙa, daga hakimi zuwa ɗan majalisa. A yi roƙon, ba laifi, amma a ga lauya ko ofishin ƙwadago a makon farko, a tafi da takardar ɗaukar aiki, da takardar tuhuma in an bayar, da amsar da aka rubuta, da takardar korar kanta.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.